Kore da Shunayya Ba Sa Fitowa Daga Tukunya Ɗaya

Da sunan Allah, wanda Ya yi fari Ya yi baƙi, Ya kuma bar mana abin da ke tsakaninsu mu nemi abinci da shi.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu sana'a da 'yan kasuwar ƙarƙashin ƙubba a nan tsohuwar Buhara, Usta Hikmatullo. Mai girma wakilin hukumar birni, wanda ya iso a kan lokaci yau, Allah Ya maimaita mana. Dattawan unguwanni da malamanmu. Iyayenmu mata masu surfanin zinare, waɗanda idanunsu suka ƙare a kan allura domin shagunanmu su yi haske. Masaƙa da marina, maƙera da masassaƙa. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, masu gaskiyarmu da sauranmu. 'Yarmu Zarnigor, wadda ta taso tun daga Tashkent da aikin hannunta. Baƙinmu na nesa da na kusa. Da kuma waɗanda ƙamshin shinkafar da ake dafawa a bayan ɗakin nan ya kawo, ku ma ban manta da ku ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugabanni da suka ga dama suka miƙa mini, ni Nusrat, abin magana, alhali sun san ba a karɓe shi daga hannuna da sauƙi. Ina godiya ga matan da suka tashi tun asuba suna yankan karas. Ina godiya gare ku duka da kuka rufe shagunanku a ranar Alhamis, ranar da motocin baƙi ke shigowa gari, kuka zo kuka zauna. Na san abin da kowannenku ya bari a can, don ni ma na bar nawa.

Abu biyu suka tara mu. Na farko, mu buɗe sabon tambarin ƙungiyarmu, wanda za a riƙa maƙalawa a kan kowace hula da kowane mayafi da ya fito daga hannunmu. Ga shi can a rataye, zanen Zarnigor: fili shunayya, reshen rumman kore, da siririn layin zinare. Na biyu, mu yafa wa Rahmin-aka, wato Yaya Rahmin, alkyabbar bankwana. Ga shi can a layin gaba, ya ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin hula kamar yau muka fara ganin shuɗin da ke jikinsu. Ga wanda bai sani ba, shi ne marinin baba na ƙarshe a unguwar Yahudawa, kuma ranar Lahadi jirgi zai ɗauke shi zuwa New York wurin 'yarsa Mazol, tafiyar da ba ta da dawowa.

An ba ni aiki biyu: in yi bayani a kan launukan tambari, sannan in yafa masa alkyabba da hannuna. Aikin farko na karɓa. Na biyun ban karɓa ba tukuna. Gara in faɗa muku tun yanzu, kada ku ce na yi muku irin wanda nake yi wa baƙi: ban zo yi wa mutumin nan bankwana ba, na zo ne in hana shi tafiya. Ciniki zan yi da shi a gabanku, ku kuma shaidu ne. Amma ɗan kasuwa ba ya fara taya abin da yake so, sai ya zagaya tukuna. Saboda haka bari mu zagaya ta kan launi.

Abu na farko, zinare. Jama'a, zinare gishiri ne, ba shinkafa ba. Wanda ya cika shi ya ɓata girki. Shekarun baya wani mutum ya dawo daga Mosko da aljihu mai nauyi, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Nusrat-aka, alkyabbar ango nake so ga ɗana. Amma kada in ga yadi ko kaɗan. Zinare daga wuya har ƙasa." Na ce, "Ƙanena, yadin nan karammiski ne, a bar shi ya ɗan leƙo ya gaisa da mutane mana." Ya ce, "Kuɗinka ko nawa?" Na ce, "Naka ne, har zuwa lokacin da za ka miƙo." Na sa aka yi masa, don ni ɗan kasuwa ne, ba mai wa'azi ba. Ranar biki ango ya fito cikin rana kamar tukunyar shayi da aka goge, duk hotunan da aka ɗauka babu fuskarsa, sai walƙiya da takalmi. Har yau surukarsa na cewa ba ta tabbata shi ne ya zo ba.

Ku tambayi iyayenmu masu surfani. Zaren zinare ba ya ma shiga cikin yadi. A sama ake kwantar da shi, wani siririn zaren ne daga ƙasa yake riƙe shi. Baƙo ne a kan tufa, kuma baƙon kirki ba ya cika ɗaki. Shi ya sa da Zarnigor ta nuna mini layin nan nata siriri, na ce yarinyar nan ta san abin da take yi. Ba zan shiga maganar ko zaren da muke saye yanzu akwai zinare a cikinsa ba. Akwai, gwargwadon yadda akwai malanta a jikina.

Abu na biyu, kore da shunayya. Waɗannan biyun kowanne yana ji da kansa. In ka ba su fili daidai wa daida, faɗa za su yi, idon mai saye ya gaji, ya wuce shagon maƙwabcinka. Dole ɗaya ya zama maigida, ɗaya ya zama baƙo. In shunayya ta ɗauki jiki, kore ya tsaya a baki da ciki. In kore ya ɗauki jiki, shunayya ta tsaya a fure. Zinare kuma ya shiga tsakaninsu kamar dillali, kada su taɓa juna kai tsaye. Kuma ku lura da haske. A ƙarƙashin ƙubba rana ta sama take saukowa, kaɗan-kaɗan. Shunayya a inuwa baƙi take komawa, kore kuwa ko a lungu yana numfashi. Saboda haka shunayya a bakin ƙofa, kore a ciki. Ran da Zarnigor ta zo shagona ta ce, "Nusrat-aka, me ya sa baƙi suke tsayawa a naka su wuce na kusa da kai?" Na ce, "'Yata, rabin amsar launi ne. Ɗaya rabin ba a faɗarsa a inda hukuma ke ji."

Masu allon shago da masu jakar zuba kaya, wannan magana taku ce ku ma. Tambarin da bai yi kyau a kan 'yar takardar da ake maƙala wa hula ba, ba zai yi kyau a kan bango ba, komai girmansa.

Abu na uku shi ne wanda ya kawo ni. A cikin launukan nan uku, biyu ba su taɓa fitowa daga tukunya ɗaya ba a garin nan. Matasa ba su san haka ba, dattawa sun sani. Kakana marini ne, na tukunyar zafi. Ja da rawaya yake yi, daga saiwa da fure da ɓawon rumman. Shuɗi kuwa ba namu ba ne. Rinin baba na tukunyar sanyi ne, tukunyar sanyi kuma ta unguwar Yahudawa ce, kaka da kakanni. To in kana son kore, sai ka rina rawaya a gidanmu, ka ɗauka ka tsallaka titi a tsoma maka a gidansu. In kana son shunayya, sai ka rina ja a gidanmu, ka sake tsallaka titin. Mu kaɗai, ja da rawaya muke da su. Su kaɗai, shuɗi suke da shi. Duk koren da kakanninku suka sa a ranar aure, duk shunayyar da suka yi taƙama da ita, ta kwana a gida biyu.

Ni ne mai tsallaka titin. Haka na san mutumin nan, yana tsaye a kan tukunyar ubansa, hancinsa a sama. Maganar farko da ya yi mini a duniya ita ce, "Rawayarku ta yi ruwa." Na ce, "Naku shuɗin wari yake yi." Shekara arba'in da wani abu ke nan, ba mu gama wannan gardama ba.

Da na buɗe shago, sai muka raba mako a tsakaninmu ba tare da mun taɓa zama mun shirya ba. Ranar Juma'a in zan tafi masallaci, shi yake zama a shagona. Kuma ku sani, mugun ɗan kasuwa ne. Baƙuwa za ta ɗaga mayafi ta ce na hannu ne, sai ya ce, "A'a, wannan na inji ne, na hannun yana ƙasa, ɓarawon ya ɓoye." In dawo daga salla in tarar ya rusa mini ginin mako guda. Ranar Asabar kuwa, da addininsa ya hana shi aiki da kunna wuta, ni nake zuwa gidansa. Kuma ba ya halatta ya ce mini yi kaza. Sai dai ya zauna ya dubi rufi ya ce, "Kai, Buhara da sanyi take yau." In ce, "Ni ban ji ba." Ya ce, "Mai ƙiba ba ya ji." In bar shi ya ɗan yi rawar ɗari, sannan in tashi in kunna. Daga nan a buɗe tukunyar shinkafarsu da ta kwana a kan garwashi. Ni ina cin nasa, shi ba ya cin naman gidana, sai shayi da zabibi. A duk cinikin da na yi a rayuwata, babu wanda na ci riba kamar wannan.

Kuna gani da idonku unguwar nan ta zube. Gida ya tashi, gida ya bi shi. Wasu Isra'ila, wasu Amurka. Gidajen da muka sani da sunan masu su yanzu masaukin baƙi ne, an rubuta musu suna da harshen da masu gidan ba su taɓa ji ba. Duk wannan bai motsa Rahmin-aka ba. 'Yarsa ta yi kuka a waya, ta aiko da jikoki su roƙe shi, ya ce shi da tukunyarsa mutu ka raba. Matarsa ta rasu, ya binne ta a nan, ya koma kan aikinsa. Ni ma tawa ta rasu, ɗana yana masana'anta a Koriya, yana kira ran salla. Sai muka zama tsofaffi biyu da allon dara ɗaya, kowa na zargin ɗan'uwansa da satar ƙwaya.

Abin da ya karya shi a bana ya faru, ran da matarsa ta cika shekara uku da rasuwa. A wurinsu addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai an sami maza goma na addininsu a ɗaki ɗaya. Da can ko atishawa ka yi a unguwar, goma za su amsa. Ran nan aka tattara tsofaffi, har da wanda aka turo a keken guragu, aka tsaya a bakwai. Ya zo shagona da sassafe, ya zauna ya dubi rufi ya ce, "Bakwai ba goma ba ne."

To ni da na ƙare rayuwata ina kamo baƙi don su sayi hula, ran nan na koma farautar Bayahude. Na tsaya a tsakiyar ƙubba ina tare duk wanda ya rataya abin ɗaukar hoto. Wani Bajamushe ya zaci sabon kaya nake talla, ya ce nawa ne. Wata mata ta kira ɗan sanda. Kafin azahar na samo biyu, wani likita daga Faransa da wani saurayi mai wando iya gwiwa wanda ya ce kakansa ne Bayahude, shi bai san komai ba. Na ce ba sani ake nema ba, tsayuwa ake nema. Aka kai tara. Muka jira. Rana ta karkata, na koma kasuwa na sake zagayawa, na leƙa masaukai, na leƙa wurin shan shayi a bakin tafki. Babu.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ibadarsu na ce, "Rahmin-aka, a ƙirga da ni mana. Na san matar nan fiye da mai gajeren wandon can. Na ci girkinta ya fi sau dubu." Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Nusratjon, kai ko rabi ba ka kai ba." Muka yi dariya, mu biyu, a bakin ƙofa. Likitan ya duba agogonsa ya ba da haƙuri. Aka watse ba a yi addu'ar ba. Washegari Rahmin-aka ya kira Mazol ya ce ta sayo tikiti.

Yanzu ga tayina, Rahmin-aka, kuma ka dube ni, kada ka dubi rufi.

Na so in ce maka in ka tafi kore da shunayya za su ƙare a Buhara, kuma tambarin nan zai zama ƙarya. Na shirya wannan magana, na ma gwada ta a gaban madubi. Amma a gaban wa zan faɗe ta? Kowa a ɗakin nan ya san yawancin abin da muke sayarwa daga gwangwani launinsa ya fito, kuma mai saye ba ya bambancewa. Launi ba zai ƙare ba. Kasuwa za ta ci ranar Litinin kamar yadda ta saba ci. Saboda haka na ajiye wannan, ba zan sayar maka da na inji a matsayin na hannu ba.

Ga na hannun. Gidana ɗaki huɗu ne, uku a rufe. Ka zo ka ɗauki mai kallon rana. Zan ware maka tukwanenka, ba zan sa cokalina a ciki ba. Wannan ɗaya.

Na biyu, kuma a nan nake neman jama'a. Masu masaukin baƙi suna nan. Masu yi wa baƙi jagora suna nan. Direbobi suna nan. Na rasa mutum ɗaya ran nan ne domin ni kaɗai na fita nema. In duk ƙubba ta fita, goma wani abu ne? Wanda ya yarda cewa duk shekara ranar tunawa da matar nan zai tare baƙonsa ya tambaye shi, ya ɗaga hannu. Ɗaga sosai, Usta, kai ne shugaba. Wakilin hukuma ma ya ɗaga, a rubuta. Juya ka gani, Rahmin-aka. Juya mana. Waɗannan duk ba sa ƙirguwa a wurinku, na sani, amma suna da ƙafafu.

Na uku ba tayi ba ne. Shekara arba'in muna magana da rufi, kai da ni. Yau ba Asabar ba ce, kuma ni babu abin da ya hana ni faɗa kai tsaye. Kada ka tafi. Na saba da kai. Ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Ban san da wa zan yi gardama ba.

To, na taya. Kai ke da kaya.

Me ka ce? Ɗaga murya, na baya ba su ji.

Na ji. Bari in maimaita muku yadda ya faɗa. Ya ce, "Ranar matata a lokacin baƙi take. Ni kuma in na mutu a tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe gari, babu motar baƙi ko ɗaya, wa za ku tare?"

Jama'a, ku sauke hannuwanku. Na gode muku.

Na yi shekaru ina alfahari cewa babu wanda ya taɓa rufe mini baki a kasuwa. Na dubi maganar nan ta gaba, na dube ta ta baya, ba ni da abin da zan ɗora a kai. Mutum yana da haƙƙin a tsaya a kansa yadda aka tsaya a kan ubansa. Mai kaya ya ce albarka. A kasuwa in an ce albarka, ba a zagi, ba a riƙe riga, sai a yi musafaha kowa ya kama gabansa.

Usta, a miƙo alkyabbar.

Ni na zaɓi yadin, tun ina sa ran ba za a buɗe ta ba. Jikinta shunayya, cikinta kore, zinare a baki kaɗai. Alharinin cikin daga tukunyarka ya fito, ka duba da kyau, kada ka je can ka ce na sa maka na gwangwani. Tana da nauyi. In sun ce kayanka sun wuce kima a filin jirgi, ka sa ta a jikinka ka shiga haka, su yi ta kallo.

Abu ɗaya kuma, wannan ba ciniki ba ne. Na san abin da ke hana ka barci, ko ba ka faɗa ba. Matarka ba za ta shiga jirgi ba. Ka bar mini kabarinta. Na san hanya, mai gadin ya san ni. Zan share, zan cire ciyawa, zan ɗora ɗan dutse a kai yadda na ga kuna yi. Addu'arku ban iya ba, ba kuma zan yi karambani ba. Amma zan zauna in ba ta labarin kasuwa, wa ya yi aure, wa ya karye, wa ya ƙara farashi. Dama ta fi ka son labari. Daga can in wuce wurin tawa, in maimaita mata.

Tashi tsaye, tsoho. Miƙo hannun. Ɗayan kuma.

Allah Ya sa albarka a wannan tambari, Ya sa duk hannun da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya ci halalinsa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu masu surfani hasken ido, Ya ba 'yarmu Zarnigor gaba mai kyau. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya ba 'yan kasuwarmu masu saye marasa taurin kai. Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke ƙasashen mutane, Ya sa su tuna da lambar wayar gida. Allah Ya kai mai tafiya lafiya, Ya ba shi dogon kwana a cikin jikokinsa, Ya tara masa mutanensa a ranar da zai buƙace su. Mu kuma da muka rage a bakin shaguna, Allah Ya rage mana tsawon yini. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa ya tarar da mai amsa masa sallama.

Na gode.